Rabon Intanet a Shanono: Kowace Kwamfuta da Hanyarta

Duk wanda ya san yadda rayuwa take a garuruwan Kano ta Arewa zai yarda da ni cewa a 'yan shekarun nan al'amuran talaka da dama sun koma rataye a wuyan wasu 'yan kwamfutoci ƙalilan. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta yi ban kwana da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Daga 2021 kuma ta wajabta wa ɗalibi ya mallaki lambar ɗan ƙasa ta NIN kafin ya yi rajista. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, har dillalin awaki a kasuwar ƙauye sai da ya koyi jiran saƙon banki kafin ya saki igiya. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ta intanet ake nemansa, haka su ma alƙaluman asibitocin sha-ka-tafi ta manhajar DHIS2 suke bi kafin su isa gaban masu tsara kasafi.

A ƙaramar hukuma irin Shanono, wadda ke bakin iyakar Kano da Katsina, wuraren da ake irin waɗannan ayyuka ba su taka kara sun karya ba: sakatariya, asibiti, wasu makarantu, sai shagunan kwamfuta na matasa. Mutumin da ya taso daga Faruruwa ko Alajawa ko Tsaure da ɗansa domin rajista ya biya kuɗin acaɓa, ya kuma bar aikin gona na yini guda. Idan ya iso aka ce masa babu sabis, ya yi asarar duka biyun, kuma wa'adin rajista ba ya jiran kowa. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin batun da zan tattauna a yau, duk da cewa a ido ya yi kama da hirar injiniyoyi, ya shafi shugaban makaranta da sakataren ƙaramar hukuma da duk wanda ke sa hannu a takardar sayen kayan ofis.

Batun shi ne yadda ofishi mai kwamfutoci da yawa zai mallaki hanyoyin intanet fiye da ɗaya, ya kuma ware wa kowace kwamfuta hanyar da ta dace da nauyin aikinta, tare da zaɓen na'urar da za ta yi wannan rabo. Ita wannan na'ura ita ake kira rauta. Aikinta ya yi daidai da na mai kula da ƙofofin ruwa a filin noman rani na Watari, a Bagwai maƙwabciyar Shanono: ruwa na zuwa ta babbar magudana, shi kuma yana buɗe wa wannan fegi ya rufe wa wancan, gwargwadon tsarin da manoma suka amince da shi. Idan babu tsari, wanda ke kusa da bakin ruwa sai ya shanye, na ƙarshe tumatirinsa ya bushe. Haka intanet ɗin ofis yake: wayar ma'aikaci guda mai kallon bidiyo tana iya shanye ƙarfin da kwamfutar rajista ke buƙata.

Abin da aka saba gani a ofisoshinmu shi ne ƙaramar na'urar nan da kamfanonin waya ke sayarwa da layinsu a ciki. Ƙofarta ɗaya ce, kuma galibi a kulle take ga kamfani guda. Ranar da sabis ɗin kamfanin ya ɗauke, sai ka ga ma'aikaci ya fiddo wayarsa yana raba wa kwamfuta datar aljihunsa. Rauta mai ƙofofi da yawa kuwa tana karɓar intanet daga wurare biyu ko uku a lokaci ɗaya, kuma tana iya sarrafa su ta fuska uku, waɗanda ya kamata mai saye ya bambance su, domin 'yan kasuwa sukan cakuɗa su a baki.

Fuska ta farko ita ce ta ko-ta-kwana. Kowa yana bin hanya ta ɗaya, ta biyu tana ajiye. Idan ta ɗaya ta yanke sai rauta ta juya kowa zuwa ta biyu. Fuska ta biyu ita ce raba kaya, inda ake amfani da hanyoyin duka a tare, wannan buƙata ta bi nan, waccan ta bi can. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, suna zaton idan aka haɗa layi mai gudun megabit 10 da wani mai 10 za a sami 20 a kan kwamfuta ɗaya. Fayil guda da kake saukewa hanya guda zai bi, da gudun wannan hanyar. Amfanin rabon yana bayyana ne kawai idan masu aiki suna da yawa. Bugu da ƙari, raba kaya yana da wata illa. Kowace hanya da adireshin da duniya ke ganin ka da shi, kuma shafukan banki da na rajista da dama idan suka ga adireshin mutum ya sauya a tsakiyar aiki sai su ɗauka wani ne ya kutsa, su fitar da shi, ya koma shigar da bayanai daga farko.

Fuska ta uku ita ce wadda nake ganin ta fi dacewa da mu, wato ware wa kowace kwamfuta hanyarta. Bari mu ɗauki misalin cibiyar kwamfuta mai na'urori goma: biyu na rajista, ɗaya ta harkar kuɗi, shida na ɗalibai masu koyo, ɗaya ta mai cibiya. A ce cibiyar tana da hanya mai ƙarfi amma mai tsada, da kuma wata mai sauƙin kuɗi amma mai yawan tangarɗa. Sai a rubuta wa rauta doka: kwamfutocin rajista da ta kuɗi su bi hanya mai ƙarfi, idan ta yanke su koma ɗayar; kwamfutocin ɗalibai su bi mai sauƙi, idan ta yanke su jira, kada su taɓa mai tsada. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ke kare aljihun mai cibiya, musamman tun da a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kwamfuta mai manhajar Windows takan sauke gyare-gyarenta da kanta ba tare da ta nemi izini ba, kuma shida daga cikinsu suna iya cinye kaso mai tsoka na datar wata a yini guda.

To ta yaya rauta ke gane wace kwamfuta ce wace? Kowace na'ura tana da lambar shaida da ake kira MAC, wadda masana'anta ke buga mata. Ita kuma rauta takan raba wa na'urorin ofis adireshin cikin gida, irin su 192.168.1.10, amma idan aka bar ta da son ranta, adireshin da ta ba wannan yau tana iya ba wancan gobe. Saboda haka matakin farko shi ne a ɗaure kowace lambar MAC da adireshi na dindindin, sannan a gina doka a kan adireshin. Wanda ya tsallake wannan mataki zai wayi gari ya tarar kwamfutar ɗalibi ce ke tafiya a hanyar da aka keɓe wa rajista. Wayoyin hannu na zamani kuwa sukan ɓoye lambarsu ta asali su nuna ta bogi, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne a buɗe musu Wi-Fi na baƙi daban, a tura shi gaba ɗaya kan hanya mai araha, a kuma ƙayyade masa gudu. Kwamfutocin da aikinsu ke da nauyi a haɗa su da waya kai tsaye, domin waya ta fi iska amana.

Sai dai, mai karatu, duk wannan tsari aikin banza ne idan hanyoyin biyu a zahiri hanya ɗaya ce. Mutum yakan sayi layuka biyu na kamfanoni daban-daban ya kwanta da zaton ya yi tanadi. Abin da bai sani ba shi ne tun wajen 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin haya: MTN ya miƙa nasa ga IHS, Airtel kuma ga American Tower. A yau ba abin mamaki ba ne ka ga eriyoyin kamfanoni biyu ko uku a kan ƙarfe ɗaya, janareta ɗaya ke ba su wuta. Ranar da man janaretan ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batir, layukan biyu tare za su yi shiru. A garin da turakun ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wannan tambaya ce da ya kamata a yi kafin a sayi komai: wane turke ne ke ɗauke da wane kamfani, kuma akwai wani na daban da eriya mai tsawo za ta iya kamowa?

Tarihin kusa ya koya mana wannan darasi a matakai daban-daban. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Bankunan Nijeriya da dama suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, gyara kuma ya ɗauki makonni. Waɗanda suka tsira su ne masu wata mafita ta wayoyin da abin bai shafa ba, irin su Glo-1 da Equiano. A watan Satumban 2021 kuma, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnati ta sa aka rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Malumfashi da Ƙanƙara, inda duk layukan waya suka mutu a lokaci guda har tsawon watanni. A watan Oktoban 2024 kuwa lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda. Yanzu da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, buƙatar ofishin hukuma da asibiti su kasance da hanyar sadarwa mai ɗorewa ta wuce batun jin daɗi.

Manomin wannan yanki ya daɗe da fahimtar wannan hikima. Yakan shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya, domin lokacin nunarsu da juriyarsu ga fari sun bambanta. Abin da ya kashe ɗaya ba lallai ya kashe sauran ba. Tanadin intanet na gaskiya shi ne wanda hanyoyinsa suka bambanta a asali. A wurin da wayar faiba ba ta kai ƙofar ofis ba, zaɓin da ya rage shi ne a haɗa layin waya da tauraron ɗan'adam. Waɗanda suka yi zamanin shagunan intanet na farkon shekarun 2000 za su tuna faifan VSAT, wanda tauraronsa ke nisan kilomita 35,786, saƙo ya yi fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, karo na farko a Afirka, taurarinsa suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 550, don haka jinkirinsa kaɗan ne. Amma shi ma da nasa nauyin: kuɗin kayansa da na wata-wata ba na kowa ba ne, faifansa na yau da kullum yana jan wutar da takan kai wat 50 zuwa 100, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan raunana shi. Ga ƙaramin shago ya yi yawa; ga sakatariya ko asibiti, ko makarantu biyu zuwa uku da ke kusa da juna suka haɗa kuɗi, abin dubawa ne.

Idan an daidaita batun hanyoyi, sai zaɓen rauta. Ba ni da kamfanin da nake yi wa talla, amma akwai tambayoyin da na ga ya wajaba mai saye ya riƙe. Ta farko: ƙofofin shigowar intanet nawa take da su, kuma tana iya ware hanya bisa adireshin kwamfuta, ko kuwa ko-ta-kwana kaɗai ta iya? A bar karanta kwali, a sa mai sayarwa ya buɗe shafin saitin ya nuna, gani ya kori ji. Ta biyu: ta yaya take gane hanya ta mutu? Wasu na'urori suna duba ko waya na jone ne kawai, alhali data na iya ƙarewa fitila tana nan kore shar. Wadda ta dace ita ce mai aika ɗan saƙon gwaji lokaci-lokaci zuwa wani sanannen adireshi na waje, kamar 8.8.8.8 na Google, idan amsa ta daina zuwa ta juya akala, idan ta dawo ta koma. Ta uku: idan ana raba kaya, tana iya riƙe kwamfuta a kan hanya guda har ta gama hulɗa da shafin banki?

Tambaya ta huɗu ta wuta ce da yanayi. Rautar da ke aiki da wutar batir mai bolt 12 tana iya tafiya kai tsaye a kan tsarin sola ba tare da inbata ba, kuma 'yan wat kaɗan take ci. Wadda ba ta da fanka ta fi jure ƙurar hunturu, amma a ajiye ta inda iska ke kewayawa saboda zafin bazara da kan haura digiri 40. Duk eriyar da aka ɗora a kan dogon ƙarfe kuma tana buƙatar kariya daga tsawa kafin damina ta faɗi. Ta biyar ta shafi na'urar da ke ɗaukar layin waya: kada ta kasance a kulle ga kamfani ɗaya, ta kasance tana da wurin jona eriyar waje, kuma tana kama ƙananan zangon sadarwa na 700 da 800, domin su ne ke tafiya nesa a karkara, saɓanin 2600 da ya fi amfani kusa da turke. A kuma tabbatar samfurin yana cikin waɗanda NCC ta amince da su.

A kasuwa, ko a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, sunaye biyu za a fi cin karo da su a wannan fanni. Akwai MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda ƙaramar rautarsa mai suna hEX ke da ƙofofi biyar, kuma kusan babu dokar rabon da ba za a iya rubuta mata ba, sai dai saitinta na buƙatar wanda ya koya. Akwai ER605 na TP-Link, shi ma mai ƙofofi biyar, wanda shafin saitinsa ya fi sauƙin fahimta ga mai matsakaicin sani. Dukansu biyu ba su da Wi-Fi a jikinsu, sai an haɗa musu wata na'ura. Ga masu hannu da shuni akwai Peplink, ga matasa masu son ƙwaƙwa kuma akwai manhajar kyauta ta OpenWrt, wadda ake ɗora wa wasu rautoci na gama-gari, ta ba su ikon sarrafa hanyoyi da yawa. Shagon da kwamfutocinsa ba su wuce biyu ko uku ba kuwa, gaskiya ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu: ƙananan na'urori biyu na kamfanoni daban-daban sun wadatar, a riƙa sauyawa da hannu.

Tambaya ta ƙarshe, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, ita ce: wa zai kula da ita? Na ga ofishin da ɗan kwangila ya kafa wa na'urori masu tsada, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi da kalmar sirri a kansa. Da layi ɗaya ya sami matsala, babu wanda ya iya shiga saitin, ƙarshenta aka zare rautar aka jefa a durowa, aka koma rabon data daga waya. Na'urar da babu mai kula da ita kuma haɗari ce. A 2018 an gano wata kafa a manhajar MikroTik. Kamfanin ya fitar da gyara, amma dubban ɗaruruwan rautoci a faɗin duniya suka faɗa hannun masu kutse saboda masu su ba su sabunta ba. Ofishin da ke riƙe da lambobin NIN da bayanan marasa lafiya ba zai yi wasa da wannan amana ba.

Saboda haka shawarata ga majalisar ƙaramar hukuma, da shugabannin makarantu da asibitoci, ita ce su fara da takarda da biro kafin su je kasuwa. A jera kwamfutocin ofis, a rubuta aikin kowace, a amince da wadda ba za a yarda ta tsaya ba da wadda za ta iya jira. Wannan hukunci na shugaba ne, injiniya aiwatarwa kawai zai yi. Sannan a sanya a cikin yarjejeniyar kwangila cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an yi gwaji a gaban kowa: a zare wayar hanya ta ɗaya, a ga kwamfutar rajista ta koma ta biyu da kanta, a zare ta biyu, a ga na ɗalibai sun tsaya kamar yadda aka tsara. A miƙa kalmar sirri a rubuce, da kwafin saitin, a kuma horar da aƙalla mutum biyu 'yan gari. Cibiyar Digital Bridge Institute ta NCC tana da reshe a Kano, ga kuma matasan da suka karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da kwalejojinmu suna zaune a gida babu aiki. Ɗaya daga cikinsu zai iya kula da ofisoshin Shanono da Bagwai a haɗe, ya ci abinci, jama'a su huta.

Hukumomi irin su NITDA da asusun USPF, waɗanda ke kafa cibiyoyin kwamfuta a makarantu da garuruwa, su ma ya kamata su riƙa auna nasara da yawan kwanakin da cibiya ta yi tana aiki a shekara, maimakon yawan kwamfutocin da aka ƙirga ranar yanke kyalle. Kuɗin rauta ƙarama bai kai na kwamfuta guda ba, amma ita ce ke yanke hukuncin ko sauran goman za su amfani kowa. Tun ran gini ran zane, in ji Bahaushe. Allah ya ba shugabanninmu ikon kula da ƙananan abubuwan da manyan ke dogara a kansu, ya kuma zaunar da yankunanmu lafiya.